Ranar Wanka Ba A Ɓoye Cibi: Kan Rigimar Waitangi

A tsakiyar watan Nuwamban 2024 wani gajeren bidiyo ya yi ta yawo a wayoyinmu. Wata matashiya ce a zauren majalisar dokokin ƙasar Niyu Zilan. An tambaye ta ina jam'iyyarta ta jefa ƙuri'a, sai ta miƙe ta ɗaga murya, ta yage takardar da ke hannunta gida biyu, ta sauko tsakiyar zaure tana zare ido tana buga ƙafa. 'Yan uwanta suka mara mata baya, har sai da shugaban majalisa ya dakatar da zama. A wani zauren WhatsApp da nake ciki, wani ya turo bidiyon ya ce bori ya tashi a majalisar Turawa. Aka sha dariya, aka wuce. Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba. Sai da na bi sawun labarin daga baya kunya ta kama ni.

Sunanta Hana-Rawhiti Maipi-Clarke, shekarunta 22 a lokacin, kuma 'yar Maori ce, wato mutanen da Turawa suka tarar a waɗannan tsibirai. Abin da ta yi kirari ne na gargajiya mai haɗe da rawa, wanda a harshensu ake kira "haka", kamar dai kalmarmu, sai dai ma'anar ba ɗaya ba. Takardar da ta yage kuwa daftarin doka ne da ke neman sake fassara wata yarjejeniya da kakanninta suka sa wa hannu shekara 184 kafin wannan rana.

Wannan yarjejeniya ita ce ta Waitangi. Ranar da aka fara sa mata hannu, 6 ga Fabrairu, ita ce ranar ƙasa a Niyu Zilan, kuma kusan kowace shekara sai an yi rigima a wurin bikinta. Shugabanni su je, a tsaya a gabansu a faɗa musu maganar da ba sa son ji, a ɗaga musu kwalaye, wani lokaci a juya musu baya. Akwai 'yan ƙasar da yawa da ke cewa wannan abin kunya ne, suna so a mayar da ranar ta zama ta haɗin kai da shagali kamar yadda sauran ƙasashe ke yi. Ni ban yarda da su ba. A ganina wannan rigimar ita ce abu mafi daraja a ranar, kuma mai neman a kashe ta yana so ne mai bin bashi ya zo walima ya ci ya yi godiya ya tafi, kada ya ambaci kuɗinsa.

Bari mu koma inda bashin ya fara. A farkon 1840 wani hafsan sojan ruwa mai suna William Hobson ya iso arewacin ƙasar da umarnin Sarauniya Victoria ta Ingila. Shi da James Busby, wakilin Birtaniya a can, suka tsara yarjejeniya da Turanci. A daren 4 ga Fabrairu aka miƙa ta ga wani ɗan mishan, Henry Williams, da ɗansa Edward, suka fassara ta zuwa harshen Maori kafin gari ya waye. Washegari sarakuna suka taru a ƙofar gidan Busby a Waitangi aka yi ta muhawara, wasu na cewa a kori Hobson, wasu na cewa a bar shi. Da dare suka tsallaka kogi zuwa wani wuri da ake kira Te Tii suka ci gaba da tattaunawa a tsakaninsu. Ranar 6 ga wata sarakuna sama da 40 suka sa hannu. Daga nan aka yi ta yawo da kwafe-kwafen takardar a faɗin ƙasar, har waɗanda suka sa hannu suka haura 500. Dukkansu, in ban da 39, takardar harshen Maori suka sa wa hannu.

To, takardun biyu ba abu ɗaya suke faɗa ba. Ta Turanci ta ce sarakuna sun miƙa wa Sarauniya cikakken ikon mulkin ƙasa baki ɗaya. Ta Maori kuwa ta ce sun ba ta "kawanatanga". Kalmar ƙirƙirarriya ce daga "kawana", wato yadda bakin Maori ya lanƙwasa kalmar Turancin nan da mu muka lanƙwasa muka ce "gwamna". Inda suka fi sanin kalmar shi ne Littafin Baibul da 'yan mishan suka fassara musu, inda Bilatus yake kawana, jami'in da aka aiko daga nesa ya tsare doka. Sashe na biyu na takardar Maori kuma ya tabbatar wa sarakuna "tino rangatiratanga", wato cikakkiyar sarautarsu a kan ƙasarsu da garuruwansu da duk abin da suke ɗauka dukiya mai daraja. Akwai kalmar da ta fi kusa da abin da Turancin ke nufi, ita ce "mana", kuma Williams ya san ta, domin da ita aka yi amfani a takardar shelar 'yancin kai da sarakunan arewa suka sa wa hannu a 1835. Ko da gangan ko bisa kuskure, bai sa ta a wannan gurbin ba.

Mai karatu ya auna da hankalinsa. Turawan da ke zaune a ƙasar a lokacin ba su wuce 2,000 ba, Maori kuwa dubun-dubata ne, da bindigoginsu da garuruwansu masu ganuwa. Wane sarki ne zai miƙa wa baƙon da ya sauko daga jirgin ruwa jiya rawaninsa, babu yaƙi babu komai? Abin da suka fahimta shi ne gwamna zai zo ya tsawata wa 'yan uwansa Turawa masu shaye-shaye da damfarar filaye, su kuma su ci gaba da sarautarsu. Wani sarki daga can arewa, Nopera Pana-kareao, ya bayyana fahimtarsa da cewa inuwar ƙasar ce za ta tafi wurin Sarauniya, ainihin ƙasar na nan a hannunsu. Ba a yi shekara guda ba ya juya maganar, ya ce ashe inuwar aka bar musu. A 2014 kwamitin shari'a na Waitangi, wanda gwamnati ce ta kafa shi, ya kammala bincike ya ce sarakunan arewa da suka sa hannu a Fabrairun 1840 ba su miƙa ikon mulkinsu ba.

Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma a wurinmu ƙa'idar a fili take: idan abin da aka nuna wa mutum a fuskar waya ya danna "na yarda" ya saɓa da abin da muka ɓoye a ciki, laifin namu ne, kuma abin da ya gani shi ne alkawarin. Masana shari'a ma haka suka ce tun kafin a san kwamfuta, idan magana ta yi harshen damo a yarjejeniya, a kan wanda ya rubuta ta ake fassara ta. Ingila ce ta rubuta, Ingila ce ta ɗauko tafinta. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ba a yi askin ba. Hone Heke, wanda ake cewa shi ya fara sa hannu, shi ne ya sare sandar tutar Birtaniya a Kororareka har sau huɗu tsakanin 1844 da 1845. A shekarun 1860 aka yi yaƙe-yaƙe, aka kafa dokar 1863 da ta ba gwamnati damar ƙwace ƙasar duk ƙabilar da ta kira 'yar tawaye. A yankin Waikato kaɗai an ƙwace eka kusan miliyan 1.2. A 1865 aka kafa kotun filaye wadda aikinta shi ne ta mayar da ƙasar dangi ta zama ta ɗaiɗaikun mutane, don a samu saukin saye, kuma abin da kotun nan ta cinye ya fi wanda bindiga ta ci. A 1877 babban alƙalin ƙasar, James Prendergast, ya yanke hukunci ya ce yarjejeniyar banza ce, ba ta da wani matsayi. A ranar 5 ga Nuwamban 1881 dakaru kusan 1,600 suka shiga ƙauyen Parihaka, inda Te Whiti da Tohu suka haramta wa mabiyansu ɗaukar makami. Yara ne masu waƙa suka tarye su. Duk da haka aka kama shugabannin, aka rushe gidaje, aka watsa jama'a. Ita kanta takardar yarjejeniyar, a 1908 aka gano ta a wani ɗakin ƙasa na ginin gwamnati a Wellington, ruwa ya ɓata ta, ɓeraye sun ci gefenta.

Wannan shi ne tarihin da ake so a rufe da kiɗa da wasan wuta. Dalilin da ya sa ya ƙi rufuwa kuwa yana da alaƙa da wurin da ake yin bikin, don haka sai mun san mene ne "marae".

Marae shi ne dandalin taron dangi ko ƙabila. Akwai fili a gaba, akwai babban ɗakin taro mai sassaƙa, akwai ɗakin cin abinci. A can ake karɓar baƙi, a can ake yanke shawara, a can ake ajiye mamaci kwana uku ana makoki kafin a binne shi. Ɗakin taron kansa jikin kakan dangi ne: sassaƙen da ke ƙololuwa fuskarsa ce, katakan da suka gangaro dama da hagu hannuwansa ne, doguwar azarar tsakiya kashin bayansa, sauran azarori haƙarƙarinsa. Shi ya sa ake cire takalmi kafin a shiga. Baƙo ba ya faɗawa marae kai tsaye. Zai tsaya a ƙofa har sai wata dattijuwa daga masu gida ta ɗaga murya ta yi kira, wata daga cikin baƙi ta amsa. Sannan a zauna fuska da fuska, masu jawabi su miƙe ɗaya bayan ɗaya, kowane jawabi a rufe shi da waƙa. Baƙi su ajiye kyauta. Daga nan a yi layi a gaisa, hanci ya taɓa hanci, a shaƙi numfashi ɗaya, a je a ci abinci tare.

Abin lura a nan shi ne tsarin. A al'adarsu, filin da ke gaba wurin fito-na-fito ne, inda aka halatta magana mai zafi, cikin ɗaki kuwa wurin sulhu ne. Ba a kai ga haɗa hanci sai an bi ta filin. Wanda ke da ƙorafi ya faɗe shi a bainar jama'a, a gaban wanda yake ƙorafi a kansa, shi kuma ya zauna ya ji har a gama, sannan ya tashi ya ba da amsa. Saboda haka duk shugaban da ya taka marae a Waitangi ya ji magana mai ɗaci, ba a ci masa mutunci ba, an karɓe shi ne yadda ake karɓar kowa. Masu cewa a yi gaisuwa da cin abinci a tsallake jawaban zafi suna son ginin marae da sassaƙensa don ɗaukar hoto, amma ba sa son dokarsa.

Shi kansa bikin ba da rigima ya fara ba. A 1932 Gwamna Janar Lord Bledisloe ya sayi tsohon gidan Busby da filinsa ya ba ƙasa kyauta, aka yi taron tunawa na farko a 1934. A 1940, cikar shekara ɗari, aka buɗe ɗakin taro na Te Whare Runanga kusa da gidan. Shekara da shekaru ana fareti, ana jawaban cewa babu ƙasar da ta kai Niyu Zilan zaman lafiya tsakanin fari da baƙi, alhali ana dukan yaran Maori a makaranta idan suka yi harshensu. A 1974 ranar ta zama hutun ƙasa, gwamnatin Norman Kirk ta sauya mata suna zuwa Ranar Niyu Zilan, a 1976 aka dawo da sunan Waitangi. Wato an gwada irin bikin lumanar da ake kira a yi yanzu. Me ya haifar? A tsawon waɗannan shekaru na shiru, ƙasar Maori zaizayewa ta ci gaba da yi, harshensu kuma ya kama hanyar mutuwa.

Sai da aka fara hayaniya abubuwa suka motsa. Daga farkon shekarun 1970 matasan Maori suka fara zuwa Waitangi da zanga-zanga. A 1975 wata dattijuwa mai shekara 79, Whina Cooper, ta jagoranci tattaki daga Te Hapua a ƙarshen arewa har zuwa majalisa a Wellington, wata guda ana tafiya, a kan kada a ƙara taɓa ko eka ɗaya. A wannan shekarar aka kafa kwamitin shari'a na Waitangi, a 1985 kuma aka ba shi ikon binciken ƙorafe-ƙorafe tun daga 1840. A Bastion Point da ke Auckland mutane suka yi zaman dirshan na kwana 506 daga 1977 zuwa 1978, aka kama 222, daga baya aka mayar musu da filin. A 1987 harshen Maori ya zama harshen hukuma. A 1995 Sarauniya Elizabeth da hannunta ta sa hannu a dokar da ta ƙunshi neman afuwa ga mutanen Waikato, tare da diyyar dala miliyan 170 ta kuɗin ƙasar. A 1998 ƙabilar Ngai Tahu ta samu irin wannan. Duk cikin waɗannan babu wanda aka samu don an yi ladabi a wurin biki.

Yanzu bari in ba abokan jayayya haƙƙinsu. David Seymour, shugaban jam'iyyar ACT wanda ya kawo daftarin da aka yage, hujjarsa ita ce kowane ɗan ƙasa daidai yake da kowa a gaban doka, kada a bambanta mutane da asalin kakanninsu, kuma majalisa da jama'a ne ya kamata su fayyace ma'anar yarjejeniyar maimakon alƙalai. Magana ce mai daɗin ji, kuma shi kansa yana da jinin Maori ta wajen mahaifiyarsa, don haka ba rigimar fari da baƙi ba ce tsantsa. Amma yarjejeniya tsakanin ɓangare biyu ake yin ta. Tun ƙidayar 1858 Turawa suka fi Maori yawa. Idan ɓangaren da ya zo baƙo ya yi yawa, sannan ya ce a kaɗa ƙuri'a a kan me alkawarin ke nufi, ai ya zama shi ne mai ƙara shi ne alƙali. Sannan wane irin daidaito ne ake shela bayan an gama rabo? Mutanen da ƙasar duka tasu ce, yau abin da ya rage a matsayin ƙasar Maori bai wuce kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari ba. Ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na jama'a ba, amma su ne kusan rabin mutanen da ke gidan yari. Wanda ya kwashe hatsin rumbunka ya ce daga yau kowa ya ci abin da ke gabansa, ba adalci yake nema ba, so yake a rufe littafi.

Akwai kuma abubuwan da ba zan kare ba. A 1990 an jefi Sarauniya da jiƙaƙƙiyar riga. A 2004 an watsa wa madugun adawa Don Brash taɓo a fuska. A Fabrairun 2025, Seymour na jawabi aka juya masa baya, aka kuma ɗauke masa makirufo. Juya baya magana ce, na yarda da ita. Ɗauke makirufo kuwa saɓa wa dokar marae ne, domin wanda ya zauna ya ji naka, dole ka bar shi ya faɗi nasa. Haka nan al'adar kanta ba ta fi ƙarfin tambaya ba. A marae da yawa mata ba sa jawabi a fili. A 1998 sai da Helen Clark, tana madugar adawa, ta zubar da hawaye a Te Tii lokacin da wata 'yar gwagwarmaya, Titewhai Harawira, ta ƙalubalanci a ba ta damar magana alhali an hana matan Maori. Bayan shekara ashirin, a 2018, Jacinda Ardern ta yi jawabi a matsayin firaminista daga barandar Te Whare Runanga. Wannan sauyin ma ta hanyar gardama a bainar jama'a aka same shi.

Gaskiya ne kuma cewa diyyar da aka biya ɗan ƙaramin kaso ce na abin da aka ƙwace, kuma ana iya cewa rigimar shekara-shekara ta zama hanyar huce haushi, a yi ihu kwana biyu kowa ya koma gida. Wannan hatsari ne na gaske. Amma maganinsa shi ne a ƙara matsa wa shugabanni su zo su amsa, kuma a nan ne nake ganin babban laifi. John Key ya ƙaurace wa Waitangi a 2016, Bill English a 2017, Christopher Luxon kuma a 2025 ya tafi wani marae a Onuku da ke tsibirin kudu. Kowannensu da uzurinsa. Sai dai shugaban da ke zaɓen inda za a karɓe shi da fara'a a ranar da aka ware don tuna alkawari, ya gudu ne daga aikin da ranar ta ɗora masa. Mulkin da yake riƙe da shi daga wannan takarda ya samo halascinsa. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Daftarin Seymour dai bai kai labari ba. Kwana biyar bayan kirarin majalisa, mutane kusan 42,000 suka yi tattaki zuwa harabar majalisar. Sama da mutum 300,000 suka aika da ra'ayinsu a rubuce, mafi yawansu suna adawa. A Afrilun 2025 aka kayar da shi da ƙuri'a 112 da 11. Don kada in yi ƙari, abokan ƙawancen Seymour a gwamnati tun farko sun ce ba za su bi shi har ƙarshe ba. Ita kuma Hana-Rawhiti an dakatar da ita daga majalisa kwana 7, shugabannin jam'iyyarta biyu kwana 21. Takardar da ta yage ta mutu, amma ita aka hukunta a kan rashin ladabi.

Mu ne bai kamata mu yi wa wannan labari dariya ba. A 1885 wani Bature, Joseph Thomson, ya zo Sakkwato da Gwandu a madadin kamfanin da daga baya ya zama Royal Niger Company, ya koma da takardun yarjejeniya. A Turai aka nuna su a matsayin shaidar cewa an ba kamfani iko da ƙasa, alhali a wurin masu ƙasa izinin ciniki aka ba baƙo. A 1903 Lugard ya ajiye zancen takarda, ya ce da yaƙi ya ci ƙasar. Ban ce tarihinmu da nasu ɗaya ba ne, domin namu Turawan ba su zauna ba, sun tafi a 1960. Amma mun san yadda ake yi wa mutum sata ta bakin tafinta. Kuma mun san irin bikin ranar ƙasa da ake yi da fareti da jawabin talabijin, inda shugaba ke magana babu mai amsa masa. Wanda ya saba da wannan, idan ya ga inda talaka ke tsayawa a gaban firaminista ya lissafa masa alkawuran da aka karya, kamata ya yi ya tsaya ya saurara kafin ya tura alamar dariya.

Ranar 6 ga Fabrairu mai zuwa, tun kafin fitowar rana, za a sake taruwa a Waitangi a yi addu'o'i, a tura manyan kwale-kwalen yaƙi cikin ruwa, a yi ciniki da kiɗa, yara su sha wasa, domin mafi yawan abin da ke faruwa a wurin kenan, ko da yake ba shi kyamara ke nunawa ba. Kafin ranar kuma 'yan siyasa za su zauna a fili a gaban ɗakin taro, wani dattijo ya miƙe da sandarsa ya tuna musu abin da aka rubuta a sashe na biyu. Ina fata duk su je, ina fata kuma kada a sassauta musu.